Wasiƙa zuwa ga Yaya kan karatun Abba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Hajiya, a ce mata bayan nan nawa ya yi sauƙi, kada ta sa abin a ranta.

Na turo dala 300 ranar Litinin. Dala 200 na malamin lesin ɗin Abba ne, Turanci da lissafi, har zuwa tasowarsa. Sauran 100 na maganin Hajiya. Don Allah kada a haɗa su.

Labari ya iso ni wai Abba ya daina zuwa lesin, yana ce wa abokansa shi Amurka za shi, inda ba a dukan yara. Har an ce kai ma dariya ka yi. Gaskiya ne, a nan New York ba a duka, dokar jihar ta hana malamin makarantar gwamnati taɓa ɗalibi. Amma da ka ga yayarsa Ummi a shekararta ta farko a makarantar da zai shiga, da ba ka yi dariya ba.

Makarantar daga aji 6 ne zuwa aji 8, 'yan shekara 11 zuwa 14. Ba jarrabawar shiga ake yi ba, ƙuri'a ake jefawa a watan Afrilu, kuma wanda yake da yaya ko ƙani a ciki shi ake fara dubawa. Ina fatan Abba zai ci albarkacin Ummi. Shiga dai ba wuya, zaman ne aiki. Bakwai da rabi Ummi tana aji, ba ta tashi sai ƙarfe huɗu. Kowane darasi da malaminsa da ɗakinsa, ana buga ƙararrawa ka kwashi littattafanka, mintuna kaɗan aka ba ka. Waya kuwa a kulle take har a tashi. Ta dawo gida kuma da aikin da zai ci awa biyu, kullum, har da karshen mako. Wanda bai yi ba a tsare shi bayan an tashi, kuma kafin ya iso gida saƙo ya riga shi zuwa wayata. Makinta duk ina gani ta intanet. Wanda ya faɗi, hutun Yuli a aji zai yi shi, ko ya maimaita shekara.

Iyaye ma ba a ƙyale mu ba. Ana kiran mu ganawa da malamai, kuma ba a san wai kana aikin dare ba. Sau biyu ina zuwa ban runtsa ba. Ba komai, an saba.

Alhamdulillahi, yarinyar nan ta fitar da ni kunya. Tana aji 8 yanzu, lissafin 'yan sakandare take yi, a watan Yuni za ta zauna jarrabawar jiha da ake kira Regents, wadda sai da maki 65 ake ci. Ta kuma rubuta jarrabawar shiga manyan makarantun sakandare irin su Bronx Science, muna jiran sakamako. A sa ta a addu'a.

Kuɗin makaranta babu, abincin safe da na rana ma kyauta ne, yunifom kawai nake saya. Amma kada wani ya ji haka ya ɗauka kuɗi nake tarawa, haya ba ta bar ni ba.

Yaya, ba faɗa nake maka ba. Shekara huɗu rabona da yaron nan, kai ka riƙe shi, ni sai dai murya a waya. Ina da bakin magana? Tsorona kawai ya zo a Satumba ya zauna a aji kamar kurma.

A nemo min takardar haihuwarsa, katin rigakafi, da sakamakonsa na shekara biyun nan, a ɗauki hoto a turo. Katin rigakafin nan suna tsanantawa a kansa sosai. Kuma 200 ɗin a ba malamin hannu da hannu, ba ta hannun Abba ba. Ka sa ya kira ni ranar Juma'a da daddare.

Naka ƙani,
Baban Ummi