Amsa ga Malamina: Kason 'Yan Dalit a Indiya Biyan Bashi Ne

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ranar Asabar da kuka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, lokaci ya ƙure ban ba ku amsa ba. Kun ce tunda na yi shekara huɗu ina karatu a Indiya, in faɗa muku tsakani da Allah: ina adalci a hana yaron da ya ci maki 90 gurbin karatun likita, a bai wa mai maki 70, don kawai gidan da aka haife shi? A bainar jama'a kuka tambaya, shi ya sa na kawo amsar fili.

Ni ma da ra'ayinku na sauka ƙasar. Gani ne ya kori ji. A shekarata ta biyu na bi wani abokin karatuna hutu ƙauyensu, a kudancin ƙasar. Muka tsaya wurin mai shayi. Ni baƙo, wanda ko yarensu ba na ji, ya zuba mini a kofin gilashi ya miƙo mini hannu da hannu. Abokina kuwa, ɗan garin amma ɗan Dalit, wato mutanen da tsarin azuzuwan haihuwa na Indiya ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, da kansa ya zagaya ya ciro wani lanƙwasasshen kofin ƙarfe da aka rataye a ƙusa daga waje. Mai shayin ya tsiyaya masa daga sama don kada buta ta taɓa kofin. Da ya gama sha, shi ya wanke ya mayar. Wannan yaron ne ke koya wa rabin ajinmu darasi idan jarrabawa ta matso. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Abin da ya same shi tsohon abu ne. Dakta Ambedkar, shi ma ɗan Dalit, wanda ya jagoranci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida yake zama a makarantar firamare, ware da sauran yara. Idan ƙishirwa ta kama shi sai masinja ya zo ya tsiyaya masa ruwa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, haka zai yini. A 1927 sai da ya ja dubban mutane zuwa tafkin garin Mahad don kawai su sha ruwan da ba a hana dabbobi sha ba. Kundin da ya fara aiki a 1950 ya haramta ƙyamar taɓa 'yan Dalit, ya kuma buɗe ƙofar keɓe gurabe. A yau a ayyukan gwamnatin tarayya da manyan makarantunta, kashi 15 cikin ɗari nasu ne, kashi 7.5 na ƙabilun asali, kashi 27 na sauran azuzuwan da aka bari a baya.

Malam, ku kuka koya mana cewa maki ba daga sama yake faɗowa ba. Mai 90 ɗin nan, sau da yawa kakansa ya yi karatu, akwai littattafai a gidansu, an biya masa makarantar share fagen jarrabawa. Mai 70, wataƙila shi ne na farko a zuriyarsu da ya riƙe alƙalami, mahaifinsa kuma kwata yake shiga yana kwashe ƙazanta, aikin da doka ta hana a 1993, ta sake hanawa a 2013, amma har gobe mutane na mutuwa a cikinsa. An yi ɗaruruwan shekaru ana hana waɗannan mutane gona da rijiya da ilimi, wasu kuwa suna tarawa. Wanda aka ci dukiyar kakanninsa, in an mayar masa da wani abu, ba a ce an yi masa sadaka ba. Don haka amsata ita ce e, akwai adalci.

Ban raina zafin da mai 90 yake ji ba. Shi bai hana kowa ruwa ba. A 1990, da firaminista V.P. Singh ya aiwatar da shawarar kwamitin Mandal ta ba da kashi 27 ɗin nan, wani ɗalibi a Delhi, Rajiv Goswami, cinna wa kansa wuta ya yi. Talakan manyan azuzuwa ma yana da haƙƙi, kuma a 2019 an ware masa kashi 10. Sai dai talauci daban, ƙyama daban. Talakan Biraman, wato ɗan ajin da ke can sama, ranar da ya samu kuɗi ya huta. Abokina ko ya zama farfesa, mai gidan haya zai fara tambayar sunan zuriyarsu kafin ya nuna masa ɗaki.

Inda nake da ja da tsarin shi ne wa ke cin kason. Tun 1992 Kotun Ƙoli ta ce a cire waɗanda suka riga suka taso sama kamar maiƙo a kan nono daga cikin kashi 27 ɗin, duk da haka kwamitin Mai shari'a Rohini, wanda aka kafa a 2017, ya tarar kusan rubu'in waɗannan al'ummomi ne ke kwashe kusan dukkan guraben, ɗaruruwa kuwa ko ɗaya ba su samu ba. A 2024 kotun ta yarda jihohi su karkasa kason 'yan Dalit don ya kai ga na can ƙasa, kuma na yi murna da hakan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne umarnin shugaban ƙasa na 1950: ɗan Dalit da ya musulunta ko ya zama Kirista, ya fita daga kason 'yan Dalit. An shigar da mabiya Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, su an bar su a waje, alhali mai shayin ƙauye ba ya canza musu kofi don sun canza addini. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Na san inda tambayarku ta dosa, domin mu ma muna da namu rabon: daidaiton muƙamai tsakanin jihohi, da guraben jami'a na jihohin da aka bari baya a boko. Namu na yanki ne, nasu na haihuwa, ko da yake mu ma mun san gidajen da ake hana aure don an ce mahauta ne ko maroƙa. Ciwon dai iri ɗaya ne. Gurbin da aka keɓe da sunan jiharmu, sau nawa yake isa ga yaran da kuka shekara talatin kuna koyarwa a ƙasa, ba benci ba alli? Sau nawa yake ƙarewa a hannun ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja? Ku kuka fi ni sanin wannan lissafin, kuma ina roƙon ku bugo waya a shiri na gaba ku faɗa wa mutane.

A gaida mini Hajiya da yara.

Ɗalibinku na aji uku.