Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Kare Namun Daji

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

An yi tarurrukan wata-wata, kodayake fuskokin da aka saba gani su ne dai ke zuwa.

Aikin da ya fi faranta mana rai bana shi ne yanke hanyar wuta da kwance tarkuna a kurmin da muke kula da shi. An shiga tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, aka share hanya mai faɗin mita 6 kewaye da tsofaffin itatuwan maɗaci, kawo da maɗobiya. Aka kwashe busassun ganye daga gindinsu, don ta nan wuta ke kutsawa cikin kogon itace ta cinye shi daga ciki. A irin waɗannan koguna burtu ke yin ƙwai, kuma galibi ɗa ɗaya yake rayawa, shi ya sa faɗuwar tsohon itace guda ba ƙaramar asara ba ce. Yawancin tarkunan na wayar birkin babur ne, an ɗana su a bakin turbar dabbobi. An daddatse su da filaya, domin wanda aka kwance aka yar, gobe za a sake ɗana shi. Gobarar rani ta zo, ta tsaya a bakin hanyar. Daga baya kyamararmu ta ɗauki ɗankunya a wurin, dabbar da CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta amince a 2016 a hana cinikinta tsakanin ƙasashe. Allah ya saka wa waɗanda suka fito da alheri.

Masu cewa an yi watsi da renon dashen maɗaci, ba haka ba ne. Irin maɗaci ba ya jira, in ya yi 'yan watanni a ajiye ƙarfin tsirarsa ya ragu. Lokacin da ya nuna, babu kuɗin ledar reno a asusu. 'Yan tsirarun da aka dasa a fili kuma tsutsa ta huda tohonsu suka yi reshe biyu, don haka dole a sake dasawa ƙarƙashin inuwa, a gauraya da wasu itatuwa. Sauran kyamarorin ma suna ajiye babu batir.

Duk wannan rashin kuɗi ya faru ne saboda kuɗin shekara da mambobi ba su biya ba. Kwamiti ya gaji da bin mutane, a kira waya ba a ɗauka, sai ranar taro a ji ƙorafi. Duk wanda ake bi, ya ga ma'aji kafin maɗaci ya fara zubar da iri.