Mai jegon da nono ya ƙi zuwa bayan zubar jini: a duba ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin ungozomomi, ma'aikatan asibitocin karkara da mazajen masu jego kan wata cuta da ake yawan ɗauka taifot ce ko sammu.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wani ƙululu mai girman ƙwayar wake, ana ce masa fituwitari. Shi ke aika sinadarin ACTH zuwa wasu ƙululu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su fitar da kotisol, wanda ke hana jini da sukari faɗuwa idan jiki ya shiga wahala. Fituwitari kan ƙara girma lokacin goyon ciki. Idan mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa har jininta ya yi ƙasa, wani sashen fituwitarin yana iya mutuwa. Wannan ita ce cutar Sheehan, sunan likitan Birtaniya da ya bayyana ta a 1937. Ƙululun kan ƙodar lafiyarsu lau, umarni ne ya daina iso musu.

Alamar farko, nono ya ƙi zuwa. Sai haila ta ɗauke, gashin hammata da na mara ya kakkaɓe, ga kasala, jin sanyi da jiri in ta miƙe tsaye. Wata sai ta shekara goma a haka. Fatarta ba ta yin baƙi kamar ta mai cutar Addison (inda ƙululun kan ƙodar ne da kansu suka lalace), kodewa ma take yi, shi ya sa ake ta ɗura mata maganin ƙarin jini a banza.

Ana auna kotisol da ƙarfe 8 zuwa 9 na safe. In ya gaza 100 a ma'aunin nmol/L, zargi ya yi ƙarfi. Magani shi ne haidirokotizon, wanda ke maye gurbin kotisol, miligiram 15 zuwa 25 a rana, a kasa biyu ko uku, mafi yawa da farkawa: misali 10 da asuba, 5 da azahar, 5 da la'asar.

Inda muka fi ganin kuskure shi ne nan. Yawancin masu cutar sinadarin maƙogwaronsu ma ya yi ƙasa, sai a yi gaggawar ba da lebotairoksin, maganin da ke maye gurbinsa. Shi kuwa yana sa jiki ya cinye ɗan kotisol ɗin da ya rage, mace ta faɗi sumammiya. Haidirokotizon ake fara bayarwa, sannan na maƙogwaro ya biyo baya. Maganin tarin fuka rifamfisin shi ma yana saurin ƙarar da haidirokotizon a jiki, dole likita ya ƙara adadinsa.

In zazzaɓi ya kai digiri 38, a ninka haidirokotizon har ta warware. In amai ya hana shi zama a ciki, ba a jiran wayewar gari: allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take, a wuce asibiti a ɗaura ruwan gishiri. Ba a daina maganin don an ji sauƙi, kuma kafin azumi a shawarci likita. Ta riƙa yawo da kati mai sunan cutar da adadin maganinta, a kuma koya wa mutum ɗaya a gidan yadda ake yin allurar.

Naku,
Wasu likitoci daga Kano