Maganin kansa na nano da haske: a riƙa faɗa wa mutane inda binciken ya tsaya

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani saƙo da ke ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp, wai Turawa sun gano maganin kansa, ƙwayoyin nano za a zuba maka a jini a haska fitila shi kenan ciwo ya ƙone, ba kemo ba tiyata. Ni harkar magunguna nake yi, kuma saƙon nan ya fara ɓarna.

Binciken dai akwai shi. Ana ƙera wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi na kitse ko na zinare, girmansu wajen nanomita 100, ido ba ya gani, su ne ƙwayoyin nano, a ɗura musu maganin kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) irin doxorubicin tare da wani sinadari mai amsa haske. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari yoyo suke yi, to sai ƙunshin ya fi taruwa a wajen, wasu 'yan Japan Matsumura da Maeda ne suka bayyana haka a 1986. Daga nan likita ya haska jar leza, sinadarin ya mayar da oksijin ɗin wurin guba ga ƙwayoyin kansa, in kuma zinare ne ya ɗau zafi ya gasa su, ƙunshin ya buɗe ya saki kemon nan take. Wanda ya taɓa jinyar mai shan doxorubicin ya san dalilin da ya sa ake son maganin ya tsaya a kan ƙarin kaɗai, jan ruwan nan da har fitsari yake rinawa, gashi ya zube baki ya yi gyambo, in ya taru a jiki kuma ya taɓa zuciya.

Kowane ɓangare shi kaɗai ya daɗe a asibiti, Amurka ta amince da Doxil wato doxorubicin cikin ƙunshin kitse tun 1995, Kanada ta amince da Photofrin, sinadari mai amsa haske, a 1993. Amma haɗa biyun a ƙwaya ɗaya yawancinsa a jikin ɓeraye ake yi har yanzu, kuma matsalolin ba ƙanana ba ne. A 2016 masu bincike a Jami'ar Toronto sun duba gwaje-gwajen shekara goma suka ga kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na abin da aka ɗura yake isa ga ƙarin, mafi yawa hanta da saifa ke tsincewa. Shi kuma jan haske da ƙyar yake ratsa santimita ɗaya na tsoka, to ciwon da ya riga ya bazu zuwa ƙashi ko huhu ina za a haska? Mu kuwa yawancin marasa lafiyarmu sai abu ya kai mataki na 3 ko na 4 ake kawo su. Ko ThermoDox, wani ƙunshin doxorubicin da zafi ke buɗe shi, an sa rai sosai amma ya faɗi a babban gwajin kansar hanta a 2013 ya sake faɗi a 2020. Wanda aka yi wa allurar Photofrin ma sai ya ƙaurace wa rana aƙalla wata guda don kada fatarsa ta ƙone, ka duba wannan a zafin Sakkwato.

Kwanan baya wani bawan Allah ya zo mini da wayarsa a hannu yana tambayar kuɗin allurar nano, mahaifiyarsa ta sha kemo zagaye biyu ta galabaita, sun yanke su dakata su jira sabon maganin. Na ce masa Malam ka mayar da Hajiya wajen likitanta gobe-goben nan, in amai ne ko kasala akwai abin da ake bayarwa, wancan ɗin ba a sayar da shi ko a Landan.

Roƙona Edita, duk lokacin da za ku buga labarin sabon maganin kansa ku rubuta a layin farko ko a ɓera aka gwada ko a mutum, da mutum nawa, sannan ku nemi likitan kansa ya yi bayani da Hausa kafin a buga.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano