Wasiƙa zuwa ga aminina a Yamai

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Hotunan zanen da ka turo sun iso, kuma ban yarda da hukuncin da ka yanke musu ba. Ka ce tun bayan rasuwar hannunka ya lalace: in ka zauna zana fuska sai wuya ya yi tsawo, ido ya koma rami, mutum ya fito bai yi kama da kowa ba, don haka za ka ajiye alƙalami. Haba malam! Da can kana zana mutum kamar da kyamara aka ɗauke shi, jama'a suna ta yabo, amma ni kallo ɗaya nake yi in wuce. Waɗannan kuwa sun tsayar da ni.

Su suka tuna mini da Ibrahim El-Salahi, mai zanen nan na Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930. Ɗan malami ne, a gaban allo ya tashi kamar ni da kai. Ya je Landan ya yi karatu a makarantar Slade, ya ƙware a zane irin na Turawa, ya koma Khartoum a 1957. Da ya baje kolin aikinsa, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya sani tun yana yaro, ya riƙa jan harafin Larabci yana lanƙwasa shi har fuska ta ɓullo daga ciki, rabi mutum rabi rubutu. Daga nan aka san wane ne shi.

Amma abin da nake so ka ji shi ne na 1975. Yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Shugaba Numairi ta zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. An hana rubutu da zane. Sai ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana, ya yi zane da guntun fensir, ya binne a yashi kada gandiroba ya gani. Guntun takarda ɗaya ba ya ɗaukar cikakken mutum, sai dai ido, ko hannu, ko wani layi da shi kansa bai san inda zai kai ba. Da ya fito bai bar wannan hanya ba, yakan fara daga ɗigo guda a tsakiya, ya bar zanen ya yaɗu takarda bayan takarda. A littafin da ya cika da zane a 1976, fuskokin duk a murɗe suke, wasu a bayan ƙarafa. Wa zai ce hannunsa ne ya lalace? Aikin wannan mutumin ne gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya baje gaba ɗaya a 2013.

Da tsufa ya zo masa da ciwon baya a Oxford ta Ingila, inda ya koma da zama, kwalin maganin da yake sha ya mayar takarda, yana zane a kai don ciwon ya sake shi na ɗan lokaci. Ya kuma daɗe yana zana gawo, bishiyar da ke kaɗe ganye da damina ta yi kore da rani. Ku a Nijar ba sai an yi muku bayaninta ba.

Na san abin da ke ranka game da zanen mai rai, tunda Baba bai taɓa sakin jiki da sana'ar nan taka ba. Wannan magana ce ta malamai, ka zauna da wanda ka amince da iliminsa. Ni dai abin da na gani, a zane na uku akwai wani dogon mutum mai rawani, ba baki ba hanci, ya ɗan karkata hagu yadda Baba yake yi in zai tashi daga buzu. Kada ka gyara shi, kada kuma ka yaga.

In akwai sauran, ka turo mini, har waɗanda ka ce ba su kai a nuna ba. In Allah ya yarda bayan Babbar Salla zan shigo ta Maraɗi in yi wa Inna gaisuwa da baki. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
amininka na Zariya