Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Mata Masu Ɗinki a Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa membobi. Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara lafiya, ga bayanin kwamitin ayyuka kan abin da hannuwanmu suka yi.

Kamar yadda aka amince a taron bara, bana mun mayar da hankali kan barguna da rigunan matashin kai da 'yan jakunkuna masu zanen tsofaffin wasannin bidiyo, waɗanda mutanen garin nan ke haɗa su duka su ce "Atari". Hotunan waɗannan wasanni da ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu aka gina su, kamar gidajen dara, don haka kowane ɗigo yana iya zama ƙyalle guda. Ba lanƙwasa, ba da'ira, miƙaƙƙen ɗinki ne zalla, har sabuwar hannu tana iya shiga.

Zanen da ya fi karɓuwa shi ne Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a 1984. Siffofinsa bakwai ne, kowace siffa tana da gida huɗu, filinsa kuma gida 10 a faɗi, 20 a tsawo. Wato ƙyallaye 200. Idan kowane gida ya tashi santimita 5, fili zai ba da 50 da 100. A kewaye shi da baƙin yadi mai santimita 10, sai a sami bargon jariri 70 da 120. Shi muka fi kaiwa gidajen suna. Akwai wani dalilin kuma: wasu iyayenmu sun nuna rashin natsuwa da surar abu mai rai a ɗakin da ake salla, kuma kwamiti ya ga maganarsu abar dubawa ce. Tetris ba shi da ido ba shi da baki, kowa ya karɓe shi hankali kwance. Mario, ɗan mutumin nan na wasan 1985, wanda yake shiga gida 16 da 16 da launi uku kacal, da dodon wasan Space Invaders na 1978 mai gida 11 da 8, sai ga wadda ta nema da bakinta muka ɗinka.

Inda muka fi shan wahala shi ne awo, kuma a nan muke roƙon kowa ta natsu. Gidan santimita 5 ana yanka shi 6.5, saboda bakin ɗinki yana cin 0.75 ta kowane gefe. Mita ɗaya ta yadi mai faɗin 110, bayan an cire gefunan masaƙa, tana ba da gida 16 a jere sau 15, wato 240. Idan mai ɗinki ta zarce da milimita ɗaya kawai, kowane ɗinki ya ci milimita 2, tunda ƙyalle biyu ya kama. Jere mai gida 16 yana da ɗinki 15, ka ga santimita 3 sun tafi. Abin da ya sami barguna biyun farko ke nan: hannu daban-daban suka ɗinka jerin, da aka zo haɗawa wani ya fi wani tsawo, kusurwoyi suka ƙi haɗuwa, hoton ya karkace. Sai da aka warware. Tun daga nan muka manna tef a jikin kowane keke daidai 0.75 daga allura, muka kuma ce bargo ɗaya keke ɗaya.

Tsarin da muka tsaya a kai yanzu shi ne a fara zana hoton a takardar lissafi mai gida-gida, a ƙirga kowane launi, a yanka da ƙarin guda goma don ko-ta-kwana. A shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa bisa zanen, a ɗauki hoto da waya kafin a taɓa su, domin yaro ɗaya ya ratsa ɗakin, aikin sa'a guda ya watse. Allura lamba 80, tsawon ɗinki milimita 2. Wajen guga, bakin ɗinkin jere na farko a kwantar da shi dama, na biyu hagu, ta yadda idan aka haɗa za su shige juna su zauna daram. Kuma a danna dutsen guga a ɗaga, kada a ja shi, jan yana miƙar da ƙyalle.

Ga ƙananan abubuwa irin jakar Alƙur'ani ta 'yan makaranta, inda gida bai wuce santimita 2.5 ba, mun koma jera ƙyallayen a kan farin yadin nan mai gam da 'yan kasuwa ke kira fazlin. A manne da guga, a ninke layi-layi a bi da keke. Yana da sauri, amma yana sa kaya tauri, bai dace da bargon jariri ba.

Yadi daga kasuwar Bab Sharif muke saye, auduga zalla marar zane. Mun gwada ragowar atamfa a fuskar bargo don rage kashe kuɗi, sai manyan furanninta suka haɗiye hoton, ba a gane komai. Yanzu a baya muke sa ta, kuma a can ta fi kyau. Ja da shuɗi mai duhu dole a jiƙa su daban a wanke kafin yanka. Jakar da ba a yi wa haka ba, wankin farko ja ya zuba a kan fari. Wankin kuma yana fitar da tsukewar auduga tun kafin almakashi ya taɓa ta.

Cikin bargo siririyar auduga muke sawa, tunda a Jidda sanyin na'ura kawai ake karewa. Mai kauri sai wanda za a aika Ɗa'ifa ko gida lokacin hunturu. Yadin baya ya fi fuska da santimita 5 ta kowane gefe, a kafe da fil duk bayan santimita 10, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki don kada baya ya tattare. Kada a bar fil a jikin yadi fiye da 'yan kwanaki. Laimar teku tana sa shi tsatsa, tabon kuma yana da wuyar fita.

Zaman koyarwa ya gudana kowace Asabar bayan la'asar, sai hutun da aka yi a goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji. Muna godiya ga iyayenmu da suka buɗe mana falukansu. Bayanin kuɗin shiga da na fita ma'aji za ta karanta shi a gaban kowa ranar taro.

Baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na ba da shawarar a sayi wuƙar yanka mai taya da faifanta da dogon ma'auni, domin alli da almakashi su ne tushen yawancin kuskurenmu. Za kuma a gwada zanen macijin nan na tsofaffin wayoyin Nokia ga masu so, da launi biyu kawai. Duk wadda keken ƙungiya ke hannunta ta zo da shi ranar taro a duba shi a sa masa mai.

Wassalam.
Kwamitin Ayyuka