Koken Iyayen Masu Haƙar Zinariya Zuwa Ga Mai Martaba Sultan Mai Wurno

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sultan, jikan Attahiru, jikan Shehu.

Mu talakawanka ne, iyaye da matan samarin da suka tafi haƙar zinariya a duwatsun Bahar Maliya. Mun san irin nauyin da ke kan fada tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a 2023, shi ya sa muka daɗe muna haɗiye maganar. Yanzu ta fi ƙarfin cikinmu.

Bayan girbin bara wani dillali ya zo garin nan da duwatsu a leda, suna walƙiya rawaya-rawaya. Ya ce daga wani kwari ne mai nisa, inda sai an yi yini a mota kafin a ga rijiyar sha. Ya sayar wa yaranmu ramuka, ya ba su bashin janareto da abinci da jarkokin ruwa. Akwai wanda ya jinginar da gonarsa ta bakin kogi, akwai wadda ta cire 'yan kunnenta ta ba ɗanta. Wata da watanni suna niƙa dutse suna zuba zaiba, zaiba ba ta kama komai ba. Dillalin kuwa kullum amsarsa ɗaya: ku ƙara nutsawa, tana ƙasa.

Ranka ya daɗe, kallon kitse aka yi wa rogo. Ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ya karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Khartum ya duba abin da aka aiko gida. A gabanmu ya ɗora rawayan a kan turmi ya buga da guduma. Zinariya faɗaɗa take yi idan an buge ta, wannan kuwa ya rugurguje ya zama gari baƙi-baƙi mai ratsin kore. Sunansa kalkofairait, haɗin jan ƙarfe ne da baƙin ƙarfe da farar wuta, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa jan ƙarfe ne. Da ya kawo mayen ƙarfe, wani mai launin tagulla ya manne masa. Wannan shi ne firotait, kuma irinsa na iya sa jihaz, na'urar neman zinariya, ta yi ta kuka. A jikinsa ake samun fentilandait, uwar nikel, ƙarfen da ake sawa cikin tukwanen da ba sa tsatsa da batiran mota mai lantarki. Da aka jefa gutsure a garwashi, warin ashana ya kori tsofaffi daga zaure.

Ba mu ga wautar yaran ba. Saman tudun ja ne jawur kamar tsatsa, ga ɗigon kore nan da can, kuma kowa ya ji labarin mahaƙar Hassai a yankin Ariyab, inda tun farkon shekarun 1990 ake fitar da zinariya daga irin wannan jar hula da ke rufe da dutsen jan ƙarfe. Sai dai ba kowace jar hula ke ɗauke da ita ba. Abin da ke ƙarƙashin wannan hular kuwa, baƙin dutse ne mai nauyi, kuma arzikinsa ba na mai diga da shebur ba ne. Ma'adinan jan ƙarfe da yawa a duniya ba sa samun ko kilo 10 a tan guda na dutse, sai da masana'antar tacewa da ta narkarwa abin ke biya.

Asarar kuɗi da sauƙi. Wannan dutse in yana binne lafiya lau yake, amma da an tono shi ya sha iska da ruwa sai ya haifar da asid irin na ruwan batir. Yaran sun ce ruwan da ya kwanta a ramuka bayan ɗan yayyafi ya koma ja, yana cin fata, yana cin igiya. Tulin ƙasar da suka zubar yana bakin kwarin da makiyayan ƙabilar Beja ke kora raƙuma da awaki. Ranar da ruwa ya gangara da shi, dabba ta sha ta faɗi, ba dillali za a nema ba, Hausawa za a ce. Mun ga abin da rikicin mallakar ƙasa ya jawo wa 'yan'uwanmu a jihar Bulu Nayil a 2022, ba ma son ko ƙanƙaninsa.

Don haka muke roƙon Sultan ya sa limamai su faɗa a masallatan Juma'a cewa kada wani ya ƙara sayen rami a wannan kwari. Muna roƙon fada ta rubuta wa Hukumar Binciken Duwatsu ta Sudan ta aiko a ɗebi dutsen da ruwan a auna, sakamakon ya zo a rubuce, domin maganar ɗanmu ita kaɗai ba za ta ture ta dillali ba a kunnen mai bashi. A kuma tura manzo ga nazirin yankin, wato basaraken Beja, kafin ruwa ya sake sauka, a nuna masa mu muka fara kawo maganar, a shirya yadda za a cike ramukan. Batun bashi kuwa, a kira dillalin gaban fada. Ya ce ba wanda zai hau motarsa sai ya biya, kuma ba wata mota da ke shiga wurin sai tasa.

Duwatsun suna hannunmu, za mu kawo su duk ranar da aka ba mu izini.

Allah ya ƙara wa Sultan lafiya da nasara.

Mu ne talakawanka,
Iyaye da matan masu haƙa na garin Mai Wurno, jihar Sinnar.